Rasuwar Na'urar da Ke Sauraren Zuciyar 'Yar Baba

Da zuciya mai ɗauke da baƙin ciki gwargwadon hali, mahaifiyar 'Yar Baba ke sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar na'urar awon bugun zuciya, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin likita, bayan wata goma sha huɗu tana hidima.

Marigayiya ta shigo gidan ne tun da aka gano zuciyar jaririyar na tsallake bugu jefi-jefi. Uwar ba za ta danne mata haƙƙi ba, ta iya aiki. Yarinya na wutsil-wutsil, fanka na gurnani, wayoyin wuta na zuba tasu hayaniyar cikin awo, amma ita sai ta tsince shara ta zubar, ta bar tsinin bugun a tsaye. Ba ta yi wa layin bugun da ke fitowa a allonta askin bai-ɗaya, ta san hayaniya, ta san zuciya. Muryarta ɗaya ce: ɗit, ɗit, ɗit.

Wannan ɗit ɗin ne ya ƙwace wa uwa matsayi. Maigida ya dawo aiki, na'ura yake fara dubawa. Kaka ta zo, na'ura take sa wa albarka. Wadda ta yi naƙudar kwana biyu kuwa, aikinta goge wayoyin na'ura da canza batir.

Ciwon ajalin marigayiya son gyara ne. Ta koma share komai, har tsallaken da likita ke nema, tana fitar da layi sumul kamar an bi shi da dutsen guga. Sati guda uwar na cewa yarinya na haki wajen shan nono, leɓenta na duhu, mutanen gida na nuna mata allon na'ura. Ta saɓa 'yarta ta tafi asibiti ba da izinin na'ura ba. Likita ya gwada da na'urar asibiti, ya ga tsallaken, ya canza magani, ya sa aka kawo marigayiya ya cire mata batir.

Ta rasu ta bar wayoyi uku, caja ɗaya, rabin kwalin facin mannawa a ƙirji, da maigida wanda har yau bai iya haɗa ido da matarsa ba. 'Yar Baba na samun sauƙi.

Za a naɗe gawar a kwalinta gobe da ƙarfe goma, a kai wa mai gyara ya cire abin da zai moru. Maigida ne zai karɓi gaisuwa a falo, shi aka yi wa rashi. Uwar tana ɗaki tana shayarwa, mai son sanin jikin yarinya ya ƙwanƙwasa ya tambaye ta.