A Sako Mana Malam Mijinyawa Daga Cikin Kwamfuta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da ya ƙera kwamfutar ɗakin kakata, a duk ƙasar da yake, in har yana da sauran numfashi.

Bayan gaisuwa irin ta mai buƙata, wadda ta fi kowace gaisuwa tsawo, ina fatan maigida yana lafiya, shi da ma'aikata. A gafarce ni da ban ambaci sunan kamfanin ba. Tambarin ya kankare tun ina rarrafe, kuma ko yana nan ba lallai in iya karanta shi ba, don ni ɗan makarantar allo ne, bokon ma a waya na tsince shi.

Sunana Ashiru, daga Ƙofar Dumi a cikin garin Bauchi. Ƙara na kawo, ranka ya daɗe. Akwatinka ya tsare kakana, marigayi Malam Mijinyawa.

Ga yadda aka yi. Lokacin da kwamfutar tana amarya, Kawu Abdulbaƙi ya sayo makirfo, ya ce tsohon ya yi magana a gwada. Malam bai yi wa'azi ba, bai bar wasiyya ba. Faɗa ya yi: shayi ba sukari, akuyar maƙwabta ta cinye masa zogale, sannan ya ɗaga murya, "Hamsatu, wai ina butata?" Bayan ya rasu, Allah ya jiƙansa, kakata Hajiya Hamsatu ta sa aka kai kwamfutar ɗakinta. Kullum bayan la'asar sai a kunna mata muryar da aka naɗa, ta sha faɗanta, ta rama, sannan ta ci abinci. Ni kuwa da nake mijinta na yanzu, tunda kowa ya san jika mijin kaka ne, ko kallo ban ishe ta ba. Na haƙura ina kishi da mamaci. To, tun watan jiya akwatin ya ƙi tashi, kuma kwanon Hajiya yadda ya shiga ɗaki haka yake fitowa.

Ga koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya. In an danna, fanka ta juya, sai ya yi ƙiit, ƙiit, ƙiit, gilashin kuma baƙi ƙirin kamar an kifar da tawada. Wane yare ne wannan, Allah ya ja zamaninka? Ko jariri in ya yi kuka, uwarsa tana gane na yunwa da na ciwon ciki.

Na biyu. Mun yi masa duk abin da ake yi wa marar lafiya. Kawu ya canja wayar wuta. Ƙanwata Yasmin ta yi masa fifita. Ni na mare shi a gefe yadda ake yi wa rediyo, da na ga bai ji ba na koma lallashi, na yi masa tofi. Ko gezau. Shin ba ya jin Larabci ne, ko taurin kai ne na gado daga kamfani?

Na uku, kuma a nan nake so a gyara zama. Mun ɗauko Godfrey mai gyara daga kasuwar Wunti. Ya kwance murfin, ya zaro wasu 'yan alluna koraye kamar mataji, ya goge su da magogin fensir, ya hura, ya mayar. Ya canja wani ɗan batir mai kama da maɓallin riga. Sai ya haska fitila ciki, ya ja baya, ya ce, "Mama, wa yake girki a nan?" Cikin ya yi baƙi, ya yi danƙo kamar gindin tukunya. Ashe duk Juma'a Hajiya tana ajiye kaskon turaren wuta a bayan akwatin, ta lulluɓe shi da bargon Malam don hayaƙin ya shiga sosai, yadda take turara masa riguna yana raye. Shekara da shekaru! Ranka ya daɗe, in ba a son hayaƙi ya shiga, me ya sa kuka yi masa ƙofofi a baya? Me ya hana ku rubuta gargaɗi, ko da ajami ne? Kuma wace irin halitta ce ƙamshi yake kashewa, in ba buzuzu ba?

Na huɗu. Godfrey ya ce yana kyautata zaton muryar tana nan, amma sai ya tafi da akwatin shago ya kwana biyu. Hajiya ta ce Malam bai taɓa kwana a waje ba yana raye, ba kuwa zai fara yanzu ba, balle a kasuwa. Ya ce to a bar shi ya ciro ma'ajiyar da muryar take ciki kaɗai ya tafi da ita. Ta ce ba mai feɗe mata miji. Godfrey ya sha kunu ya tafi.

Na biyar, gwiwoyina. A unguwarmu an san ni da kwaikwayon murya, har na taɓa fito da matan layi guda da kwanoni suna neman mai kifin da bai zo ba. Don haka na shiga ƙarƙashin teburin da kwamfutar take kai, aka saki zane, Yasmin ta danna, ni kuma na yi tarin Malam na ce shayi ba sukari. Hajiya ta ce ai likita ne ya hana. Muka yi ta yi, har ta cinye tuwonta tas. Ina shirin sulalewa sai na ji ta ce, ko waiwaye babu, "Malam, ka manta akuya, gobe ka zo da ita. Kuma ka gaya wa ja'irin mijin nan nawa ya yanke farce, ƙafarsa ta leƙo." Tun daga ranar na zama ma'aikacin kamfaninka, ba albashi, ba hutun Juma'a.

Abin da nake roƙo kaɗan ne ga mai girma irinka. A turo wanda ya san cikin akwatin nan, ya zo har gida, ya tuɓe takalmi a zaure, ya gaishe da Hajiya, ya yi gyaran a gaban idonta. Kuma a hanzarta. Ina ƙarami Malam ya rasu, a akwatinka na koyi muryarsa, kuma tun da ya yi shiru take zame mini kamar haddar da ba a tilawa. Jiya na kira "Hamsatu", sai ta ce ba haka yake jan sunan ba. Na sake, ta ce a'a. Na leƙo na ce, to amarya, gwada mini mana. Ta buɗe baki za ta gwada, ita ma ta rasa. Ta daɗe tana kallon gilashin, sannan ta tura kwanon gefe.

Allah ya ƙara wa maigida ɗaukaka, ya sa kamfani ya fi haka albarka, ya kuma sa wannan takarda ta fi kwamfutarka saurin tashi.

Naka mai biyayya, a durƙushe, don dama a durƙushen nake wuni,

Ashiru,
mijin Hajiya Hamsatu mai jiran gado,
Ƙofar Dumi, Bauchi.