Ranar da Na Shiga Tafkin Fakuwa da Soson Firji

Ba zan taɓa mantawa da daminar da baƙin mai ya malala tafkin Fakuwa ba, ko da yake na so a ce na manta. Ni mai gyaran firji ne a Kankia. Bayan shagona matattun firji ne jibge, an yashe ƙarfensu an bar mani soson nan mai tauri da ke cikin bangonsu, wanda ko 'yan gwangwan ba sa so.

Wata safiya matata ta kira ni tana kuka. Motar da ta ɗauko gangunan baƙin mai ta zame a laka ta kife, man ya gangara tafkin da dabbobin garinsu, Fakuwa, ke sha. Ɗaya daga shanun huɗar mahaifinta, Baba Sale, ya riga ya sha, yana kwance yana nishi. Ga gero ya isa huɗa.

Na tuna wani bidiyo da na gani a waya, ana tsotse mai daga ruwa da soson tsofaffin firji. (Rabinsa na kalla, kuɗin data ya ƙare, na ɗauka na gane sauran.) Na cika a-kori-kura da soso na nufi Fakuwa, har da sa sabon yadi, tunda gaban suruki za ni.

Na tarar da maza tsaye bakin ruwa. Ruwan ya yi baƙi ƙirin, kwaɗi sun taso matattu, wari na hawa kai. Na durƙusa na gaida Baba Sale, sannan na miƙe na ce da ƙarfi, "Baba, a kwantar da hankali. Kafin azahar za a sha ruwan nan."

Ya dube ni ya dubi motar. "To, Allah ya sa," in ji shi.

Muka wurga soson falle-falle. Ya hau ruwa ya zauna fes, ko ɗigo bai sha ba. Iska ta kora shi tsakiyar tafki. Wani dattijo ya tambaya a hankali ko sai an jira ne. Na ce ai danna shi ake yi. Na naɗe ƙafar wando na shiga.

Ruwa na kai mani ƙugu na kama wani babban falle na haye shi da ƙirji. Ya sulluɓe ya tashi sama, ni na yi ƙasa. Na sha mai, na taso ina kakari, laka ta riƙe ƙafafuna. Da na fizge da ƙarfi sai mazagin wandon ya tsinke. Ni na fito, wandon bai fito ba. Rigar kuwa ta manne a jiki, iyakarta cinya.

Da an yi dariya da na ji sauƙi. Ba wanda ya yi, don a lokacin ne aka zo aka ce a kawo wuƙa, san Baba Sale ba zai tashi ba. Baba Sale ya tuɓe rigarsa ta sama ya yafa mani, yana kallon gefe.

"Rufa, ɗana," ya ce, ya juya ya bi mai wuƙar.

Ina tsugune ina amai na lura da gutsattsarin da suka murƙushe a ƙarƙashina: sun yi baƙi, sun sha mai. Ashe sai an farfasa. Muka daka soson da duwatsu, muka ɗura a buhunan albasa, muka yi ta ja a kan ruwa har la'asar. Ya rage man sosai, amma tafkin bai shawu ba sai da ruwan sama ya yi ta zuba a kai. Naman san kuwa wari yake, rami aka haƙa mashi. Baba Sale ya yi huɗar daminar da sa ɗaya da aron na maƙwabci, rabin gonar a makare.

Har yau bai taɓa tada zancen ba, kuma shirun ya fi zagi ciwo. Abin da na koya shi ne, duk dabarar da zan ceci jama'a da ita, in fara gwada ta a roba a bayan shago, inda in ta ƙi ba kowa sai ni da matattun firji.