Hatimin Sarkin Sin

Wani mutum ne a unguwarmu, Ɗanliti, wanda in ya fara cika baki kaji ma barin tsakar gida suke. Duk abin da ya mallaka a duniya katifa ɗaya ce da wani tsohon tulun tangaran mai zanen furanni shuɗi da ja. Tulun kam kyakkyawa ne, zanen hannu, ganyen kamar iska za ta kaɗa shi. A bakin Ɗanliti kuwa, sarkin Sin ne da kansa ya ba kakansa.

Da wannan labari ya shiga neman Hindatu, yarinya mai son fure, wadda ta fara sauraronsa da murmushi. Mahaifinta ya ce ba zai amsa ba sai yayarsa, Gwaggo Tabawa, ta je ta ga gidan da manemin ya fito.

Ranar da za ta zo, Ɗanliti ya goge tulu ƙal, ya ɗora bisa matashi. Gwaggo ta shigo da Hindatu a bayanta. Ko gaisuwa bai bari an gama ba.

"Gwaggo, a ɗan matsa baya. Shekararsa ɗari huɗu. Numfashi ma yana ɓata shi."

Ya ɗan ƙwanƙwasa shi da farce, ƙirrr.

"Kin ji? Turawa uku sun yi kuka a ɗakin nan don in sayar musu, na hana su."

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Juya min gindinsa, ɗan nan."

Ya juya da yanga. Ga wasu ɗigo uku ja da ƙaramin layi.

"Hatimin sarkin ke nan. Rubutun Sinanci ne, ba kowa ke karanta shi ba."

"Ni kuwa na iya," ta ce. "Jan farce ne. Haka nake yi wa kayana alama kada su ɓace a gidan biki. Ba kai ne ɗan Azumi mai ƙosai ba?"

Ɗanliti ya mayar da tulun bisa matashi a hankali.

"Ranar sunanka uwarka ta are shi daga jerena, wai a ƙawata ɗakin mai jego. Shekara talatin da biyu ina cigiya."

Hindatu ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Gwaggo ta sunkuci tulu ta saɓa a kafaɗa, ta zura takalmi. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"In Turawan sun dawo, ka ce musu sarkin Sin tana bayan gidan mai, tana sayar da daddawa."