Ruwan Wankin Shayi

Ranar da Elhaji Musa, ɗan kasuwa a Tamanrasset, ya kira ni gidansa don ya ga ko zan iya riƙe masa buro, wato ofishinsa, ni da bakina na ce a ba ni butar shayi. Mai digirin lisans daga Yamai, a ganina, shayi ba zai gagare shi ba. Duk da haka tun safe nake bitar dokar: ruwan farko shi ne ƙarfin ganye, a ajiye shi a kofi, a mayar buta daga baya; na biyu wanki ne, a zubar.

Kofin ƙarfi da kofin wanki suna gabana sai wani dattijo ya gaishe ni da Tamahak, yaren Buzaye. Na shiga laluben amsa, ina fifita gawayi, ina tuna sukari. Kaina, da alama, ba ya ɗaukar abu huɗu. Cikin natsuwa na zubar da ƙarfin a yashi, na mayar da wankin cikin buta.

Elhaji ya kurɓa, ya daɗe yana kallon sama.

"Ɗana, wanki kuka karanta a lekkol?"

"Wataƙila ganyen ne, Elhaji."

"Ganyen ba laifi. Yashi ya yaba."

An ba ni buro, an hana ni buta. Har yau in baƙi suka shigo, Elhaji kan ɗaga hannu: "Ku bari ya ajiye kofi tukuna, sannan ku gaishe shi."