Lurwanu da Sifirin A-kori-kura

Wani mutum ne a unguwarmu, Lurwanu, wanda ake yi wa laƙabi da Jamus. Ba wai ya taɓa zuwa ba. Iyakar tafiyarsa a duniya Kwatano ce, inda ya je ya sayo wata tsohuwar mota ƙirar Jamus, ya dawo yana magana ta hanci. Tun daga ranar, ko iska kake ba taya sai ya tsaya a kanka ya ce ba haka ake yi a Jamus ba.

To, akwai ƙungiyar masu wasan mota a garin. Suna da fili a bayan gari, tsohon wurin saukar jirgi da aka yi watsi da shi, suka jera tsofaffin tayoyi suka fitar da kwana-kwana. Sau ɗaya a shekara ake babbar rana. Kowa ya shiga shi kaɗai ya zaga, wanda ya fi sauri a ɗora masa wata hular kwano mai ruwan zinare, a riƙa kiransa Sarkin Kwana har shekara ta zagayo. Lurwanu ya ci hular nan da baki ya fi a ƙirga. A fili kuwa, da motarsa ta shiga kwana sai ta kwanta gefe guda kamar kwalekwale, shi ma ya kwanta tare da ita, yara na tafi. Abin yana ci masa rai ƙwarai, don da hular nan yake kwana da ita yake tashi.

Bana sai ya tsaya gaban shugaban ƙungiya, Alhaji Sidi, ya bugi ƙirji.

"Ranka ya daɗe, a goge hular nan da kyau. Kaina ba ya son ƙura."

Alhaji Sidi ya ce, "Allah ya kai mu, Jamus. Bara ma haka ka ce."

Wani ya taɓa gaya wa Lurwanu cewa laushin sifirin ne ke sa mota kwanciya a kwana, masu tsere na gaske sifirin mai tauri suke sawa. Lurwanu ya riƙe rabin maganar, ya bar rabin a wurin. Ya ce in dai tauri ne, wa ya kai a-kori-kura, motar da ke ɗaukar buhunan masara har sama? Ya nufi 'yan gwangwan, ya zaɓo sifirin ɗin wata a-kori-kura da ta mutu, masu kauri kamar hannun tabarya, ya sa aka datse su aka cusa wa 'yar motarsa.

Mai kayan ya leƙa ƙasan motar ya ce, "Oga Jamus, shokazoba fa? Waɗannan naka har mai suke zubarwa. Ina da masu ƙarfi daidai da sifirin ɗin."

Lurwanu ya yi dariyar manya. "Ka ga ɗan kasuwa. An sayi riga, sai ka ce dole a haɗa da wando. A Jamus shokazoba ado ce kawai."

Ku da ba ku san mota ba, abin ba wuya. Sifirin doki ne, shokazoba linzami. In taya ta taka tudu, sifirin ya matse sannan ya cilla mota sama, ita kuma shokazoba ta riƙe shi ta ce ya isa haka. Lurwanu ya je ya sayo ingarma, ya ɗaura masa zaren ɗinki.

Bai yi nisa da shagon ba ya gane akwai magana. Ya taka wani ɗan rami da ko akuya ba za ta lura da shi ba, sai ji kake ɗam! Kansa ya gaisa da rufin mota. Mota ta sauko, ta sake tashi, ta sauko, ta sake tashi, tsal tsal tsal, har ya wuce gidan mai ba ta gama da ramin nan ba. Komawa wurin mai kaya kuwa, bayan wannan dariya da ya yi masa, ai gara a ce motar ta ƙone.

Yana cikin haka sai ga Mamuda a bakin titi yana ɗaga hannu. Mamuda ƙanin matarsa Hajara ne, ƙato na gaske, irin wanda in ya tsayar da ɗan acaɓa sai ɗan acaɓan ya ce mai ya ƙare. Ya buɗe baya ya zauna, mota ta ce ƙiiit, ta yi ƙasa. Suka kama hanya. Ikon Allah, sai tsallen ya ragu.

Lurwanu ya dubi Mamuda ta madubi, ya sake dubansa. Ashe sifirin a-kori-kura ba ya natsuwa sai ya ji kaya.

"Mamuda, rabonka da balangu tun yaushe?"

"Yaya, ko yanzu aka kawo ba zan ba ka kunya ba."

"Ranar Asabar za ka ci har ka ture. Ɗan aiki kaɗan za ka yi mini. Kwanciya ce kawai."

"Kwanciya? Ai gwanina ke nan."

Matsalar ita ce dokar ƙungiya: direba shi kaɗai a mota, but ɗin baya, wurin zuba kaya, kuma babu komai. Ranar Asabar aka taru, aka kafa rumfa da lasifika. Alhaji Sidi ya bi motoci yana dubawa da kansa. Al'adarsu, sai ya danna gefen mota da ƙarfinsa ya saki, in ta yi ta lilo ba za ta shiga fili ba. Ya zo kan ta Lurwanu ya danna. Ko gezau. Ya hau da gwiwa. Kamar ya hau dakali.

Lurwanu ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa. "Kun gani? Wannan shi ake kira saiti."

Aka buɗe but, wayam, aka rufe. Sai Lurwanu ya ce zai ɗan zaga bayan rumfa ya yi wa motar gyaran ƙarshe, na sirri, ba a kallo. Can Mamuda ke zaune, ya share tiren balangu, ya bi da kwanon fura don ƙarin nauyi. Da ƙyar aka naɗe shi aka tura cikin but, Lurwanu ya hau kan murfin ya zauna kafin ya kulle.

"Yaya, da duhu fa."

"Rufe ido ka ga ya zama ɗaya."

Aka ɗaga tuta. Lurwanu ya taka totur, vuuum, mota ta miƙe. Miƙaƙƙiyar hanyar farko lafiya lau. Kwanar farko ma mota ta shiga a tsaye, ba kwanciya. Daɗi ya kama shi, har ya fara tunanin ƙusar da zai rataye hular a ɗaki. Ya ƙara wuta.

Sai dai tafiyar cikin gari daban, gudun fili daban. Bayan kwana ta biyu akwai inda kwalta ta tsattsage ta yi kunya-kunya kamar gona. Da gudu ya shige ta. Sifirin suka farka gaba ɗaya. Mota ta tashi, ta dira, ta tashi, ta dira, tayoyi sun fi daɗewa a iska a kan ƙasa. Ya murɗa sitiyari dama, ba wanda ya amsa, don tayar da za ta ji maganar tana sama. Daga baya kuma, duk dirar da aka yi sai a ji dum, sai a ji "Wayyo."

Lurwanu ya ce, "Mamuda, yi nauyi mana!"

Dum. "Yaya, tsaya."

"Saura kaɗan. Danne ta!"

Dum. "Balangun yana dawowa."

Bai tsaya ba. Yana ganin in ya lallaɓa ya kai ƙarshe, asiri a rufe, ya ce salon Jamus ne. Abin da bai sani ba, Mamuda ya shiga da wayarsa. Da ya ga lahira kusa, ya lalubo lambar babban mutumin da ya sani a wurin. Alhaji Sidi na riƙe da makirfo yana ba jama'a labarin tseren, wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka bai sauke makirfon ba. Sai muryar Mamuda ta cika fili ta lasifika.

"Alhaji, ni ne Mamuda. Dum. Ina cikin but ɗin Yaya Lurwanu. Dum. Don girman Allah a ce ya tsaya. In kuma ban fito ba, a gaya wa Yaya Hajara mijinta ne."

Lurwanu ya ji da kunnensa, don daidai lokacin yake tsallen wucewa ta gaban rumfa. Ya ga mutane suna faɗuwa daga kan benci. Kunya ta sa ya taka birki, mota ta yi tsalle biyu na sallama, ta haye tarin tayoyi ta zauna a kai, ƙafafunta na juyawa.

Kafin jama'a su iso ya fito ya gyara riga.

"Rediyo ce. Wasan kwaikwayo ake yi."

Alhaji Sidi ya miƙa hannu. "Kawo makulli mu kashe rediyon."

Aka buɗe but. Mamuda ya gangaro da rarrafe, fura har kunne, kansa ya yi ƙulu-ƙulu kamar buhun dankali. Ya rungumi ƙasa ya daɗe bai saki ba. Da ya ɗago ya nemi Lurwanu da ido.

"Yaya, ashe aikin shokazoba ka ɗauke ni. Na ajiye aiki. Ka je shago ka sayi ta ƙarfe."

Alhaji Sidi ya share hawayen dariya, ya aika aka kawo hular zinaren. Lurwanu ya ga ta nufo inda yake, har ya ɗan sunkuyar da kai, ko da rabo. Alhaji ya wuce shi, ya ɗora ta a kan Mamuda a hankali saboda ƙululun.

"Jama'a, ga Sarkin Kwana na bana. Duk wanda ya zaga filin nan a zaune ya zaga, shi kaɗai ne ya zaga a kwance, kuma da kansa ya yi aiki." Sannan ya waiwayo. "Kai kuma Jamus, matsa ka riƙe masa takalmi, za a ɗauki hoto."