Ranar da Alhaji Ya Same Ni da Sungumi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar ruwan farko na shekarar da aka ba ni kula da ginin sabuwar tashar mota a Matameye ba. Har yau idan hadari ya haɗo, sai ta faɗo mini a rai.

Mai kwangilar wani Alhaji ne daga Damagaram. Ya gaya mini ƙarara cewa idan rumfar fasinjoji ba ta tashi kafin ƙarshen wata ba, za a riƙa yanke masa kuɗi kullum, ni kuma in nemi wani aikin. Kuɗin siminti na ta hawa, ƙarfe bai iso ba, na gaji tun aiki bai yi nisa ba.

Sai na tara magina da leburori na yi musu wa'azi. Na ce, "Duk wanda ya bar mini aiki ya tafi gona, kada ya dawo." (Har da nuna yatsa, Allah ya yafe mini.) Isa birkila ya ce, "To, shugaba, Allah ya kai mu."

Ruwa kuwa ya sauka, mai yawa. Da safe gari ya watse, kowa da sungumi da ƙwaryar iri. Ina shirin fita matata ta tare ƙofa.

"Malam, mu siminti za mu tuƙa bana?"

Gonar da na gada tana bakin hanyar Damagaram. Na ce wa kaina ɗan sara kaɗan zan yi in koma, wa zai sani? Na naɗe wando, na shiga. Ina sara, matata na bina tana binne hatsi, har na manta da wata tasha a duniya.

Sai waya ta yi ƙara. Alhaji ne.

"Kana ina?"

"Ina wurin aiki, Alhaji. Muna ta zuba kankare."

"Madalla. Ma'aikata sun fito?"

"Ba wanda ya yi fashi."

"To, ɗan waiwayo."

Na waiwaya. Motarsa ce a bakin kwalta, gilashi a sauke, injiniyan da ke duba aikin na zaune gefensa. Ni ga laka har gwiwa, waya a kunne, sungumi a kafaɗa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai wani ya miƙe daga gonar maƙwabta ya ɗaga hannu. Isa ne.

"Barka da aiki, shugaba."

Alhaji bai yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Cewa kawai ya yi, "Ƙarasa layinka, kada ƙasa ta bushe." Ya ɗaga gilashi suka wuce.

Wata ya ƙare babu rumfa. Alhaji ya kawo wani daga Damagaram, mutumin da ba shi da gona, ya ɗora shi a kaina. Ruwa kuma ya ɗauke, shukar ta ƙone, sai da muka sake wata.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. Kada ka yanka wa aiki wa'adi a bakin damina a garin manoma. Idan kuma ƙarya ta zama dole a waya, fara duba hanya tukuna.