Yadda Za Ka Burge Suruki da Ilimin Tattasai

Kai da ka yi aji biyu a kwalejin Inugu aka sallamo ka, matso. Bi matakan nan, aure kamar an ɗaura. Wani irinka, Muntaka, ya gwada su a Anacha, shekarar da aka samu ƴanci.

1. Zaɓi ranar da suruki ya yi tagumi.
Muntaka ya iske Malam Dogara, mahaifin Haulatu da yake nema, a Kasuwar Ose Okwodu. Kwando shida na tattasai sun iso masa daga Arewa, duk sun yi yaushi a bayan mota.

2. Durƙusa, sannan ka saki ilimi.
"Baba, jikin tattasai ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowanne da tantaninsa. Tantanin nan mai gadi ne, ya bar ruwa ya wuce, ya tare wani abin. Ruwa ne ya fita, mayar da shi za mu yi."
Dogara ya gyara zama. "Ikon Allah! Ci gaba."

3. Kada ka nuna rabin darasi ka ji.
Muntaka ya tuna malaminsu ya ambaci gishiri, sai dai ya manta amfaninsa. Ya sa aka jiƙa kwando biyu a ruwa, ya antaya gishiri mudu guda. Shi kuwa ruwa, inda gishiri ya fi yawa yake bi. Ɗan wanda ya rage a tattasan ya fice, kafin la'asar sun zama tsumma. Masani ba ya gumi, in ya keto maka ka ce zafin Kudu ne.

4. Yi shiru yarinya ta cece ka.
Haulatu ta kawo abincin mahaifinta. Ta ɗanɗana ruwan, ta zubar, ta tsoma sauran huɗun a ruwa zalla. Kafin a tashi kasuwa sun miƙe.
"Gwaji ya fara yi, Baba. Wannan yake nufi."
Dogara ya ce, "Ke a wace kwalejin kika koya?"
"A madafin Inna."

5. Karɓi hukunci da godiya.
Dogara ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Turo magabatanka. Amma kwando biyun can kai za ka cinye."
Wata uku Muntaka yana shan miyar gishiri.

Gargaɗi: in taka budurwar ba ta zo kawo abinci ranar ba, ni ban san ka ba, ban taɓa zuwa Anacha ba.